Tsohuwar Bindiga Mai Ɗura Kanta Da Dalilin Da Ya Sa Take Zaɓen Harsashi

A cikin shekarar 1963 ne kamfanin ƙera makamai na Remington, wanda babbar masana'antarsa take a garin Ilion cikin Jihar New York ta ƙasar Amurka a wancan lokaci, ya fitar da wata bindigar farauta wadda ya laƙaba wa lamba 1100. Bindiga ce ta harbin tsuntsaye, wato irin wadda ke watsa ƙananan ƙwayoyin darma, amma ta sha bamban da mai baki biyu wadda maharban ƙasar nan suka sani. Ita baki ɗaya gare ta, kuma da zarar an harba, ita da kanta take tofar da kwanson da ya ƙone, ta ɗura sabon harsashi, ta tsaya tana jiran a sake taɓa kunama. An ƙera fiye da miliyan 4 na wannan bindiga. An rufe masana'antar Ilion a 2024, amma bindigogin suna nan birjik a hannun 'ya'ya da jikokin waɗanda suka fara sayensu.

Su kuwa waɗannan magada kukansu iri biyu ne. Akwai wanda ubansa ya shekara 30 yana harbin agwagin daji da bindigar ba ta taɓa ba shi kunya ba, shi kuma ya ɗauke ta ya je filin wasan harbi, ya sa mata harsashin zamani mara nauyi, sai ta harba ɗaya ta cije, kwanso ya maƙale a tagar fita. Akwai kuma wanda tasa ba ta cijewa ko kaɗan, tana wurgi da kwanso can nesa, yana ta yabonta, sai ranar da ya kai ta wurin mai gyara aka nuna masa ƙarfen ciki ya tsage. Asalin matsalar duka biyu ɗaya ne. An gina bindigar bisa wani ma'auni na harsashi, ba ta kuwa da hanyar gane cewa an sauya mata shi.

Mai karatu ba zai cika ganin irin wannan bindiga a hannun maharbanmu ba, kuma doka ce ta kawo haka. Dokar Makamai ta Nijeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta sa bindigar tsuntsaye cikin jerin makaman da mutum ke iya neman lasinsu a wurin 'yan sanda, amma ta tsame wadda ke ɗura kanta daga wannan jeri, ta bar ta tare da makaman da aka hana riƙewa sai da iznin Shugaban Ƙasa. Saboda haka labarin da ke tafe na Amurka ne da Turai, inda bindigar ta yi tashe.

YADDA HAYAƘI KE AIKIN HANNU

Harsashin bindigar tsuntsaye kwanso ne na roba, ko na takarda a zamanin da, mai gindin ƙarfe. A cikinsa akwai albarushi, sa'an nan matoshi, sa'an nan ƙwayoyin darma, aka naɗe bakin aka rufe. Mafi yawan bindigogin da ake magana a kansu masu lamba 12 ne, ma'anar lambar kuwa ita ce, in aka yi dunƙulen darma daidai faɗin bakin bindigar, guda 12 ne za su yi nauyin laba ɗaya. Faɗin ya kai wajen milimita 18 da rabi.

In aka harba, albarushi ya kan ƙone ya zama hayaƙi mai tsananin matsi, wanda ke ingiza matoshi da ƙwayoyi su bi bututu su fita. Dabarar masu ƙira ita ce su ɗebi kaɗan daga wannan hayaƙi su sa shi aikin da hannun maharbi ya kamata ya yi. A ƙarƙashin bututun, ta wajen inda hannun hagu ke riƙewa, an huda 'yan kafofi waɗanda faɗin kowace bai wuce kimanin milimita 2 ba, wato kaurin tsinken ashana. Da matoshi ya wuce kan kafofin, sai hayaƙi ya kutsa ƙasa ya daki fistin. Fistin ya tura wani hannun ƙarfe baya, hannun ya buɗe sakatar da ke kulle da harsashi, sakatar ta ja da baya tana janye da tsohon kwanso, ta yar da shi. Daga nan wani dogon sifirin da ke ɓoye cikin katakon gindin bindiga ya komo da ita gaba, ta ɗauko sabon harsashi a hanya. Duk wannan kafin ƙiftawar ido.

Abin lura a nan shi ne, hayaƙin ba ya raka sakata har ƙarshen tafiyarta. Duka ɗaya yake yi mata, ita kuma ta ƙarasa da ƙarfin wannan duka, kamar yadda ake ingiza amalanke a sake ta. In dukan ya yi rauni, ba za ta kai ƙarshe ba. In ya yi yawa, za ta isa da gudu ta gwabza da bangon baya. Ita kuwa kafa rami ce kawai a jikin ƙarfe, faɗinta na ranar da aka huda ta shi ne faɗinta har abada.

Mutane da yawa suna zaton babban harsashi ya fi ƙarami matsa wa bindiga tun daga gindi. Ba haka abin yake ba. Ƙungiyar masu ƙera makamai da harsasai ta Amurka, wadda ke tsara ma'auni, ta yanke iyakar matsi ɗaya ga harsashi mai lamba 12, ko mai tsawon inci 2¾ ne ko mai inci 3, wato laba 11,500 a kan kowane murabba'in inci. Bambancin yana wurin irin albarushi da nauyin kayan da ake turawa. Harsashi mara nauyi, mai ɗauke da giram 24 ko 28 na darma, albarushi mai saurin ci ake sa masa. Ya kan tashi fuu kamar wutar kara, matsinsa ya kai ƙololuwa tun kayan ba su yi nisa da mazauninsu ba, kafin su iso kan kafofi ya riga ya faɗi ƙwarai. Shi kuwa mai nauyi, na giram 36 zuwa sama da 50, albarushi mai ci a hankali ake sa masa, kamar wutar gungume, don kada matsi ya haura iyaka. Wannan yana ci gaba da turi har tsakiyar bututu, ga shi kuma kaya masu nauyi sun fi daɗewa kafin su fice daga baki. Saboda haka hayaƙin da ke shiga kafa ya fi ƙarfi, kuma ya fi daɗewa yana shiga. Harsasai biyu za su iya yin kunnen doki a gindin bututu, amma a kan kafa ɗaya ya ninka ɗaya. Fistin kuwa abin da ya iso kafa kaɗai ya sani.

DABARUN MUTANEN FARKO

Matsalar ta girmi bindiga mai aiki da hayaƙi. John Moses Browning, wanda ya ƙirƙiro bindigar tsuntsaye mai ɗura kanta ta farko da ta karɓu, wato Auto-5 wadda kamfanin FN na ƙasar Beljiyam ya fara ƙerawa a farkon ƙarni na 20, da shurin bindiga ya yi amfani. Bututun gaba ɗaya ne ke ja da baya. Don a daidaita gudunsa, sai ya sa wasu zobba na tagulla da na ƙarfe masu aikin birki, waɗanda maharbi zai kwance ya sake jera su, jeri ɗaya na harsashi mai nauyi, ɗaya na mara nauyi. Wanda ya manta ya bar jerin mara nauyi ya harba mai nauyi, kafaɗarsa ce za ta fara gaya masa.

Masu aiki da hayaƙi sun shigo kasuwar Amurka a tsakiyar shekarun 1950. A 1956 Remington ya fitar da Sportsman 58, wadda aka sa fistinta a cikin bututun ajiyar harsashi, abin da ya sa harsashi 2 kaɗai ajiyar ke ɗauka. A kan murfin gaba an rubuta haruffa biyu, L da H. In za a harba mara nauyi sai a murɗa zuwa L, hayaƙi duka ya tafi ga fistin. In mai nauyi ne a murɗa zuwa H, wani sashe na hayaƙin ya fice waje. Dabara ce mai kyau, aibinta kawai ta dogara da tunanin ɗan Adam, mutumin da ya ga garken agwagi sun taso kuwa ba ya tuna murfi.

Da aka zo kan 1100, wadda Wayne Leek da Robert Kelley suka tsara, sai aka fitar da fistin waje, ya zama zobe mai zamewa a bayan bututun ajiya, tare da wani siririn zoben roba mai hana hayaƙi zurarewa. Aka yar da murfin murɗawa, aka raba aikin gida biyu. Bindigar yau da kullum, mai mazaunin inci 2¾, wato milimita 70, kafa biyu aka huda mata. Wadda ake kira Magnum, mai mazaunin inci 3, wato milimita 76, kafa ɗaya tak aka ba ta, aka kuma ƙara wa hannun ƙarfenta nauyi, domin harsashinta yana kawo hayaƙi fiye da bukata. Hatta a cikin masu kafa biyu akwai bambanci, gama gajeren bututun da aka yi don wasan harbin faifan yumɓu an ɗan buɗa kafofinsa fiye da na dogon bututun farauta. Ashe masu ƙirar sun san matsalar sarai. Abin da suka yi shi ne suka auna kowane bututu da harsashin da suke tsammani za a sa masa.

Lallai kuwa a yaba musu, domin a kan harsashin zamaninta, na giram 32 zuwa 36, bindigar ta yi aiki ba kama hannun yaro, kuma da yake hayaƙi yana rarraba shuri maimakon ya sauke shi lokaci guda, mata da matasa da masu harba ɗaruruwan harsasai a yini ɗaya sun rungume ta.

DA HARSASHI YA RAGE NAUYI

Abin da masu ƙira ba su hango ba shi ne harsashi zai yi ta raguwa. A gasar harbin faifai ta duniya, har da ta Olamfik, giram 32 aka yarda da shi a yawancin shekarun 1970 da 1980, daga baya aka rage zuwa 28, tun farkon shekarun 1990 kuma aka tsaya a 24. Masu harbin nishaɗi su ma suka bi sahu, saboda ƙaramin harsashi ya fi sauƙi a kafaɗa. Tsohuwar bindiga mai kafa biyu ta kan jure wa giram 28 in tana da tsabta, amma a kan 24 sai ta yau ta yi, gobe ta ƙi. Ita kuwa Magnum mai kafa ɗaya, sau da yawa ko giram 32 na wasa ba ya motsa sakatarta har ƙarshe, sai ta koma kamar bindiga mai ɗaukar harsashi guda.

Kafin a ɗora wa harsashi laifi, masu gyara su kan duba abubuwa kaɗan, domin tsufa yana cinye ɗan rarar ƙarfin da aka bar wa bindiga. Kunkunniyar albarushi ta kan taru a kafa ta rage mata faɗi, kuma a rami mai milimita 2 ɗan datti ba ƙaramin abu ba ne. Zoben roba ya kan bushe ya tsage, hayaƙi ya zurare ta gefe, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba amma shi ne ya fi kowane ƙarfe tsayar da wannan bindiga, har maharban da suka san ta ba sa fita sai da na canji a aljihu. Akwai masu harhaɗa fistin da zobensa a juye bayan wanki. Akwai kuma sifirin na cikin gindi, wanda ba a cika tunawa da shi ba, alhali in bindiga ta taɓa faɗawa ruwan fadama can ne tsatsa ke kwana. Man shafawa mai kauri shi ma ya kan daskare cikin sanyin hunturun ƙasashen, lokacin da ake farautar agwagwa.

Wasu in sun gaji sai su sa a ƙara wa kafa faɗi. Bindigar za ta karɓi ƙaramin harsashi, gaskiya ne, amma ƙarfen da aka rarake ba ya komawa, kuma duk ranar da aka sa mata mai nauyi za ta daki kanta fiye da yadda aka gina ta ta jure. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

CIWON DA BA YA NUNA KANSA

Cijewa abin haushi ce, amma a fili take. Ɓarnar harsashi mai nauyi ita ce ba a gani. Bindigar da ake ciyar da ita mafi zafin harsashin da mazauninta zai ɗauka, shekara da shekaru, ba za ta yi gardama ba. Sakata za ta riƙa buɗewa da gaggawa, wani lokaci ƙugiyar da ke janyo kwanso ta yage bakin gindinsa. 'Yar katifar roba da aka sa a bayan sakata don ta sha duka za ta murƙushe, daga nan ƙarfe ya fara cin ƙarfe, har sandunan da ke haɗa fistin da sakata su karye, ko gangar jikin bindigar ta tsage. In sifirin ya tsufa ya saki, abin ya fi sauri. Alamar da mai bindiga zai iya gani da idonsa ita ce nisan da kwanso ke faɗawa, domin wadda ke wurgi da shi nesa fiye da yadda ta saba tana gaya masa sakatarta na gudu fiye da kima.

Akwai kuma haɗarin da ya wuce lalacewar kaya ya kai ga jikin mutum. Tsawon da ake rubutawa a kan kwalin harsashi, tsawon kwanso ne bayan an harba, bakinsa ya warware. Harsashin inci 3 da ba a harba ba, tun da bakinsa a naɗe yake, zai shige mazaunin inci 2¾ salin alin, sakata ta kulle, babu abin da zai nuna an yi kuskure. Sai an harba, bakin kwanso ya rasa wurin buɗewa, ya shimfiɗe a cikin maƙogwaron bututu ya ƙuntata hanya, matsi ya hau. Tsawon mazauni a rubuce yake a jikin bututu, kuma abin da ke jikin bututun ne abin bi, domin tsofaffin bindigogi da yawa an sauya musu bututu a hannun masu su na baya.

Haɗari na biyu sabo ne ke jawo shi. Mutumin da ya saba bindigarsa na cijewa a kan ƙaramin harsashi, ya kan ja sakata da hannu ya ci gaba ba tare da tunani ba. Amma wani lokaci dalilin cijewar shi ne harsashin ya lalace, albarushinsa ya jiƙe ko bai cika ba, ya yi 'yar ƙara mara ƙarfi ya bar matoshi a tsakiyar bututu. Harbi na gaba a kan wannan toshiya yana iya kumbura bututu ko ya fasa shi daidai inda hannun hagu yake. Haka nan harsashi mai lamba 20, wanda ya fi siranta, in ya ɓata ya shiga bindiga mai lamba 12, zai zurma gaba ya maƙale, mai bindiga ya leƙa ya ga mazauni wayam, ya zaci ta sake ƙin ɗurawa, ya sa wani a bayansa. Saboda wannan ne masu ƙera harsashi a Amurka suka keɓe launin rawaya ga mai lamba 20. Ƙa'idar maharba ita ce, duk harbin da ƙararsa ta sauya, a sauke harsasai duka a leƙa bututu kafin a sake harbawa.

SAI GA ƘWAYAR ƘARFE

A 1991 gwamnatin Amurka ta hana harbin agwagi da sauran tsuntsayen ruwa da darma a ƙasar baki ɗaya, saboda tsuntsayen suna tsintar ƙwayoyin da suka zube a fadama suna haɗiyewa, gubar ta kashe su. Tarayyar Turai ita ma ta hana darma a dausayi tun daga Fabrairun 2023. Abin da ya maye gurbinta galibi ƙwayar baƙin ƙarfe ce, wadda ba ta kai darma nauyi ba. Kwanso ɗaya da zai ɗauki darma mai yawa, in aka cika shi da ƙarfe nauyinsa ya ragu, sai a rama da gudu. Ga tsohuwar Magnum da aka huda wa kafa ɗaya don darma mai nauyi, wannan wani sabon lissafi ne da ba a yi da ita ba.

Babbar damuwar ma tana bakin bututu. Tsofaffin bindigogin agwagwa an matse bakinsu ƙwarai don ƙwayoyi su tafi a dunƙule, kuma matsin a jikin ƙarfen yake, ba a kwance shi. Darma tana da laushi, in ta iso wurin sai ta lotsa ta wuce. Ƙarfe ba ya lotsawa, musamman manyan ƙwayoyi, saboda haka yana iya barin kumburi kamar zobe a bayan baki. Masu son ci gaba da farauta da bindigar gado su kan sa mai gyara ya buɗa bakin, ko su sayi harsashin bismut, wani ƙarfe mai laushi wanda tsadarsa ta fi ta darma nesa ba kusa ba.

Maganin da masu ƙira suka samo daga baya shi ne su juya lissafin. A 1987 Remington ya fitar da 11-87, wadda aka buɗa kafofinta yadda matsakaicin harsashi zai ishe ta, sa'an nan aka sa wani bawul mai sifirin wanda ke buɗewa da kansa ya zubar da rarar hayaƙi in ya yi yawa. Da haka bututu ɗaya ya ɗauki inci 2¾ da inci 3, ko da yake ita ma ta kan yi gardama a kan mafi ƙanƙantar harsashi. Kamfanin Beretta na Italiya ya bi irin wannan hanya a bindigarsa A390 a farkon shekarun 1990. A 2010 kuma Remington ya zo da Versa Max, inda aka huda kafofi 7 a cikin mazaunin harsashi kansa, ta yadda gajeren kwanso ke barinsu duka a buɗe, dogo kuwa ya rufe wasu da jikinsa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan dabaru da za a iya dasa wa bindigar 1963. Abin da ta samu a madadinsu shi ne sauƙin sauya bututu, gama murfi ɗaya ake kwancewa a zare shi. Mai Magnum da ke son zuwa filin wasa ya kan nemi bututu mai kafa biyu ya ɗaura, ya ajiye mai kafa ɗaya sai lokacin agwagwa. Akasin haka ne kamfanin bai yarda da shi ba, wato a ɗaura bututun inci 3 na harbin darma mai nauyi a kan gangar da aka gina don inci 2¾, ko da kuwa ya zauna daram kamar don ita aka yi shi.